Abin da Na Gaya wa Waya a Gindin Ɗorawa

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren 'yar Ɗanjumma a Tambuwal ba, ko da ina so in manta, don har yau in na shiga garin sai an sami mai tambayata, "Malam, ya lafiyar waya?" Ni kuma in ce lafiya lau, in yi kamar ban san inda maganar ta dosa ba. Na haura shekara saba'in, na ji kunya iri-iri a duniya, amma sai ran nan na yi fatan in nutse cikin babbar rigata a neme ni a rasa.

Bari in fara da laifina, don shi ne tushen abin.

Ni mutumin Kebbe ne, manomi mai 'yan shanu. Bokona bai wuce firamare ba, amma a zamaninmu ya ishe ni karanta wa mutane wasiƙa, har na riƙa jin kaina. Ɗana na fari likitan dabbobi ne, yana aiki a Sakkwato. A gida Magaji ake ce masa, saboda sunan mahaifina aka sa masa. To ka ga abu biyu sun haɗu, ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan uba. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, balle wanda ya ci sunan mahaifi. Tun ranar da aka raɗa masa suna, shekara arba'in da ɗoriya, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko Magajin ma ba na faɗa. In yana kusa "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "yaron nan". Uwarsa kuwa "wancan" take cewa, ta kau da kai. Wannan alkunya ce, kowa ya san ba ƙiyayya ba ce.

Abin da ba alkunya ba shi ne wanda na yi masa shekara shida da suka wuce. Na sayo wani farin bijimi a kasuwa, mai tozo, wanda in ya tsaya sai ka tsaya kallo. Yana ɗan tari, amma na ce gajiyar hanya ce. Ranar yaron nan yana gari. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida da mutane, ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, bijimin nan kada a haɗa shi da sauran tukuna. A ɗaure shi daban sati uku, a ware masa wurin shan ruwa. Tarin nan nasa bai kwanta mini ba."

Shi a hankali ya faɗa. Ni na ɗaga ta.

"Jama'a ku ji," na ce. "Yaron da na goya a kafaɗa na kai cikin garke, yau shi za shi koya mini saniya. Kai, takardar taka ta taɓa tatsar nono?"

Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini daɗi (abin da ya fi ba ni haushi ke nan in na tuna), sai na ƙara da cewa, "Ranar da kunka ga na biɗi shawarar yaron ga kan dabba, ku ce na tsufa."

Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba." Ya tashi ya shiga gida.

Kafin a yanke gero shanu biyar sun mutu da ciwon huhu, har da jikar saniyar da uwarsa ta zo da ita gidana. Na ce wa mutane ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma ni na jawo ta da igiya daga kasuwa. Bai taɓa ce mini "ai na faɗa" ba. Magani ya aiko da shi ta hannun direba, aka yi wa waɗanda suka rage, suka tashi, ni kuma ban taɓa ɗaga maganar ba. Tun daga nan sai da Sallah yake zuwa. Ya durƙusa, mu gaisa kamar baƙi biyu a tasha, ya wuce ɗakin uwarsa. Daga zaure nakan jiyo dariyarsa ta bayan katanga, in yi kamar ina jan carbi.

Ana nan sai idona ya fara mutuwa. Mutum ina ganinsa, saniya ina ganinta, amma rubutu ya zama kamar tururuwa a cikin ruwa. Ban gaya wa kowa ba. A daidai lokacin ne kuma makiyaya suka fara tare ni a hanya. Wani mutumin Jabo ya riƙe hannuna a kasuwa ya ce, "Malam, mun ga ɗanka cikin waya, shina koya wa mutane kiwo. Wallahi maganarshi ta ceto mini maraƙi biyu." Na ce, "To," na tambaye shi kuɗin wake. Haka ya kamata uba ya yi, kuma mutumin ya yaba da kawaicina. Amma a kan babur har Kebbe ba abin da nake tunani sai wannan: duk ƙasar nan suna jin muryar yaron nan yana magana a sake, ni kaɗai ne rabona da shi "an wuni lafiya".

Na ƙudura a raina sai na ji shi. Amma ba zan roƙi kowa ya nemo mini ba, don in na roƙa, kafin magariba labari ya zaga gari cewa na tsufa, kamar yadda na yi alkawari da bakina.

Nan Ɗanjumma ya shigo. Ɗan goggona ne, wato taubashina, ɗan kasuwar hatsi a Tambuwal. Tun muna yara aikinsa ke nan ya tsarge ni a gaban mutane, kuma al'ada ta ba shi dama, ba ni da ikon yin fushi. Wata ranar kasuwa na same shi a rumfarsa yana yi wa wayarsa magana, ba kuwa kiran kowa yake ba. Na ji ya ce, "Kokawar gargajiya," sai ga kiɗa ya tashi.

"Abin har ya kai ka ga hira da ƙarfe?" na ce.

"Zauna in wayar maka da kai, ɗan ƙauye," ya ce. "Kawo taka."

Ina da babbar waya da ƙanwar Magaji ta saya mini, wadda ban san komai a cikinta ba sai amsa kira. Ya karɓa, ya yi 'yan danne-danne, ya kama ɗan yatsana ya ɗora a gefen dama na sama.

"Nan akwai hoton abin magana irin na masu wa'azi. Ka taɓa, ka ji ta yi ƙara, ka faɗi abin da kaka biɗa. Ita za ta shiga intanet ta kawo maka. In rubutu ne ta karanta maka, in bidiyo ne ka taɓa na farko. Ba ruwanka da rubutu, tunda dama bokon naka na wasiƙa ne."

"Ni mi zan nema a ciki?"

"Maganin rowa," ya ce.

Na yi tsaki na karɓi wayata, kamar abin bai dame ni ba. Amma wurin da ya ɗora yatsana na riƙe shi a ka kamar karatun allo.

Washegari da hantsi na ce wa uwargida zan duba gona. Ina da gona a hanyar Fakku, da wata tsohuwar ɗorawa a tsakiya, a kan ɗan tudu inda sabis yake kamawa. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa sai balbelu. Na zauna, na taɓa wurin, ta yi ƙara.

Na ce, "Salamu alaikum. An kwana lafiya? Ya gajiya? Ya aiki? To madalla. Dama wata 'yar tambaya ce ta kawo ni."

Kafin in kai ga tambayar ta riga ta daina saurare, ta hau karanta mini yadda ake gaisuwa da Hausa. Na sake, na gajarta gaisuwar, ta sake katse ni. Sau fuɗu muna haka. Raina ya ɓaci, don ban saba a nemi abu wurin wani ba tare da an tambayi kwanansa ba, ko da kuwa bashin gishiri ne. A ƙarshe na gane cewa ita ba ta da wannan tarbiyya, so take ka faɗo mata magana kamar ɗan sanda. Na kuma lura ta fi jin Hausar rediyo, in na yi mata tamu sai ta yi ta kame-kame. Haka na zauna, tsoho da furfura, ina kwaikwayon Kananci a gindin ɗorawa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce suna.

Na taɓa na ce, "Yaron nan nawa." Ta kawo mini waƙa. Na ce, "Yaron nan mai duba shanu." Ta kawo wasu Turawa da shanu masu ƙaton hantsa. Na ce, "Likitan dabbobi ɗan Kebbe wanda yake Sakkwato, dogo, mai ɗan tabo a goshi." Ta karanta mini nisan Kebbe da Sakkwato, abin da na sani tun ba a haifi wanda ya ƙera ta ba. Na ce, "Wanda aka sa wa sunan mahaifina." Ban ma gane abin da ta kawo ba. Na daure na ce, "Magaji," ta kawo mini Magaji sun fi a ƙirga, ba nawa a ciki.

Kwana tara ina zuwa gonar nan. Uwargida ta ce, "Malam, gonar ga da anka girbe tun tuni, mi kaka dubawa?" Na ce ina nazarin inda zan zuba taki. Cajin waya ya ƙare in kai a sa, in komo. Na yi wa kaina alkawari ba zan fasa ba, kuma ba zan kama sunan ba. Ina ganin in na yi ta kewaye-kewaye, dole wata rana ta gane, kamar yadda kowane mai hankali a Kebbe yake ganewa in na ce "yaron nan". A rana ta tara na yarda cewa alkawuran nan biyu ba za su zauna wuri ɗaya ba, sai ɗaya ya tashi.

Na tashi na zaga ɗorawar sau biyu. Na leƙa har cikin kwari ko akwai mai yankan ciyawa. Na nemi gafarar mahaifina a zuci. Na taɓa wurin, ta yi ƙara, na buɗe baki, sai iska ta fito. Na sake taɓawa.

Na ce, "Dokta Haliru, likitan shanu."

Na waiga kamar na yi sata. Na taɓa na farko yadda Ɗanjumma ya ce, sai kawai na ji, "Jama'a masu kiwo, salamu alaikum." Muryarsa ce, amma ba wadda yake gaishe ni da ita ba. Wannan tana da dariya a ciki, irin wadda nake jiyowa ta bayan katanga. Na kawo wayar dab da hancina, na ga fuskarsa dishi-dishi, yana tsaye kusa da wata jar saniya yana shafa wuyanta yadda nake yi. Ban san lokacin da na ce "wa alaikumus salam" ba.

Daga ranar na zama ɗalibinsa a ɓoye. Kullum da hantsi ina gindin ɗorawa. Sunan da na yi shekara arba'in ban faɗa ba, ya zama ina faɗinsa sau biyar kafin azahar. Na ji darasin tsutsar ciki, na ji na kaska, na ji na gyauron dawa. Akwai guda a kan sabuwar dabba da aka sayo daga kasuwa, wannan na saurare shi har na haddace. A ciki ya ce, "Na san wani gida da suka yi asarar shanu biyar saboda wannan." Bai faɗi gidan ba. Na jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, ya wuce zuwa maganar wurin shan ruwa.

Sai kuma na ɗauki wata ɗabi'a. In bidiyo ya ƙare, sai in taɓa wurin maganar in faɗi abin da ke raina. Ta kawo shirmenta, ni ban damu ba, na dai faɗa. A tunanina magana ce nake yi wa iska, tana fita ta bi gona. Ba wanda ya gaya mini cewa duk abin da ka faɗa mata rubutawa take ta ajiye, layi bisa layi. Da idona yana gani da na gani. To ba ya gani, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Saura sati biyu bikin 'yar Ɗanjumma, uwargida ta kawo mini fura ta tsaya, ba ta tafi ba.

"Wancan ya samu aiki a Kudu," ta ce. "Sun ba shi zuwa bayan biki ya ba su amsa. Na ce masa nisa ya yi yawa. Ya ce, Inna, mi ya riƙe ni a nan?"

Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ta dube ni, irin duban da ta yi mini ranar da jikar saniyarta ta faɗi, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Na san in ya tafi Kudu, Sallar ma sai ta gagara, kuma a shekaruna ba a yin lissafin "wata rana". Na yanke shawara a wurin bikin nan zan gyara abin da na ɓata. Dabarata ita ce in jawo hirar shanu a gabansa, in faɗi abin da na koya, in ce daga wurin masu ilimin zamani na ji. Shi mai hankali ne, zai gane. Ba sai na kama suna ba, ba sai na ce na yi kuskure ba. (Ka ji dabarar mutumin da yake son ya yi wanka ba tare da ya jiƙe ba.)

Ranar ta zo. Aka ɗaura aure da hantsi a ƙofar gidan Ɗanjumma, aka yi addu'a, aka raba goro. Manya muka koma ƙarƙashin rumfa aka kawo shinkafa da masa. Mun kai mu talatin, har da limamin unguwa da dangin ango daga Sanyinna. Yaron nan ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma can baya gefen tabarma ya zauna da sa'o'insa.

Ban ma sha wahalar jawo hirar ba. Wani daga dangin ango ya ce ya sayi bijimi makon jiya, yana ɗan tari, ko akwai saiwar da za a jiƙa masa. Na gyara zama, na yi gyaran murya.

"Kada ka haɗa shi da sauran," na ce. "Ka ɗaure shi daban sati uku. Ka ware masa wurin shan ruwa, don a bakin kwatarniya ciwon yake bi. Wanda ya ba shi abinci ya wanke hannu kafin ya taɓa sauran. In ka ga yana miƙa wuya yana buɗe ƙafafun gaba in zai numfasa, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, ka kira likita."

Aka yi ta gyaɗa kai. Liman ya ce, "Ma sha Allah. Malam, ina ka samo wannan?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, faɗinta ya kai na zaure. Abin da zan ce na shirya shi tun daga Kebbe. Amma na ga idanu a kaina, na ji daɗin nan irin na ranar bijimi ya taso mini, sai na ji bakina yana cewa, "Ai wannan gado ne. Haka munka taras iyayenmu suna yi."

Ban dubi gefen tabarma ba. Ban iya ba.

Mai bijimi ya ce shi dai ya taɓa jin sati biyu ne. Na ce uku. Wani ya ce kwana goma ma ya isa. Ɗanjumma, wanda ke zagayawa yana ƙara wa mutane miya, ya ce, "Ku bar gardama, a tambayi waya. Tawa tana cikin gida mata na ɗaukar hoto. Ɗan kawu, kawo taka."

Na miƙa masa da hannuna, har da murmushi, don na san za ta ce uku.

Ya sa tabarau. Ya taɓa. Na ga yatsansa yana ja, yana ja, yana ja, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Sai ya ajiye kwanon miya a ƙasa, ya nemi wuri ya zauna, ya gyara hula.

"Jama'a," ya ce, "kafin mu zo ga bijimi, ga wani karatu. Kun san wayar ga tana rubuta duk abin da mai ita ya gaya mata. Bari in faro muku daga tushe."

Na ce, "Kai, ba ni wayata."

"Taubashi na magana, ka yi haƙuri. Na farko: Salamu alaikum, an kwana lafiya, ya gajiya, ya aiki." Ya ɗago. "Bai tambayi iyalinta ba dai, an yi rowa nan."

Aka fashe da dariya, har liman. Na yi dariyar yaƙe, ina addu'a ya tsaya nan.

"Yaron nan nawa. Yaron nan mai duba shanu. Dogo mai ɗan tabo a goshi." Ya leƙa ta saman tabarau zuwa gefen tabarma. "Wa ke da tabo a goshi a nan? Wanda anka sa wa sunan mahaifina. Allah ya jiƙan kawu, yau ga shi cikin intanet."

Kawuna suka fara juyawa baya. Ni kuwa na kafa ido a kan masar da ke gabana kamar ban taɓa ganin masa ba.

"To ga inda gadon ya fito," in ji Ɗanjumma. Ya yi gyaran murya, ya karanta sunan, cikakke, da ƙarfi. Ya sake karantawa. "Dokta Haliru tsutsar ciki. Dokta Haliru kaska. Dokta Haliru sabon bijimi. Sabon bijimi. Sabon bijimi kuma. Liman, ashe iyayen namu da anka gada wurinsu, ga su can zaune a bakin tabarma."

Wani tsoho daga Sanyinna ya riƙe baki ya ce, "Da bakinshi ya kama sunan?" Aka ce da bakinsa, ai ba ta ji sai an faɗa. Wani da ke wurin ranar bijimi (irin waɗannan ba sa mutuwa da wuri) ya ce, "To Malam, mu ce ka tsufa ke nan?" Dariya ta koma sabuwa.

Ɗanjumma yana share hawaye ya ci gaba. "Dokta Haliru ya rame ne ko hoto ne. Dokta Haliru yana cin abinci kuwa. Wannan hular ba ta yi masa kyau ba."

Sai ya tsaya. Na ga bakinsa ya motsa ba sauti. Dariyar ta sauka daga fuskarsa. Tun muna yara ban taɓa ganin Ɗanjumma ya sami abin tsarguwa ya bar shi ba sai ran nan. Ya cire tabarau, ya tashi, ya tsallake kwanuka har gefen tabarma, ya miƙa wayar.

"Magaji, wannan ba nawa ba ne. Karanta abinka."

Ni na san abin da ke wurin. Na faɗe shi ranar da uwarsa ta ba ni labarin Kudu, na kuma faɗe shi kusan kullum bayan nan. "Haliru, kai ne da gaskiya a kan bijimin nan. Haliru, ka yafe mini. Kada ka tafi."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana karantawa ba. Ana jin guɗar mata daga cikin gida. Sai na ga doguwar inuwa ta taso, ta zo ta durƙusa a gabana, daidai yadda ya durƙusa shekara shida baya. Ya sa mini wayar a hannu, ya sassauta murya.

"Baba, ban rame ba. Hasken waya ne."

Na so in ce "to madalla" in sallame shi, wallahi har ta zo bakina. Amma na ga abin da zan ɓoye ya riga ya ƙare, ba sauran ko ƙyalle. Kuma wancan karon shi ya yi magana a hankali ni na ɗaga, to bai kamata yau in yi tawa a hankali ba. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Haliru."

Tsohon Sanyinna ya ce, "Subhanallahi."

"Na'am, Baba."

"Abin da na faɗa ɗazu ba gado ba ne, wurinka na koya. Shanun nan biyar ni na kashe su. Kuma ku da kunka ji alkawarina, ku faɗa, na tsufa."

Ya kama hannuna da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, ina jin don ya cece mu duka ne. Ana shafawa Ɗanjumma ya ce, "To mai bijimi, ka ji, sati uku ne. Ga likita ga ɗalibinsa."

Sati na zagayowa sai ga shi a Kebbe da akwatin allura, ba Sallah ba, ba biki ba. Ya yi wa shanuna rigakafi, ni na riƙe igiya. Da muka gama bai wuce ɗakin uwarsa ba, ya zauna a zaure muka sha fura, ya ce hular da na kushe ai Inna ce ta saya masa. A nan ya lura ina laluben ludayi, ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa gaskiya. Shi ya kai ni aka yi mini aikin ido a Sakkwato. Kudu kuwa bai je ba. Ya gaya wa uwarsa wai abincinsu ne ba zai iya ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Sunan ban sake kama shi a gaban mutane ba, sau ɗaya ya isa, na koma "kai" da "yaron nan" yadda aka san ni. Da idona ya buɗe, abin da na fara nema a wayar shi ne jerin nan. Na karanta shi tun daga sallama har ƙasa, na ga ashe duk abin da ya kamata in gaya wa ɗana cikin minti ɗaya a zaure, na kwashe wata da watanni ina gaya wa ƙarfe a gona. Ya nuna mini yadda ake gogewa, na ce a bar shi.

Abin da na koya bai da yawa. In kana da maganar da ta yi maka nauyi, ka kai ta wurin mai ita tun kana da zaɓin wuri da lokaci, don in ka ajiye ta wani wuri, wata rana a gaban mutum talatin da kwanon masa za a karanto maka ita. Sannan ko gobara ake yi, kada ka miƙa wa taubashi wayarka. Har yanzu dai in zan tambaye ta abu sai na yi mata sallama, amma a zuci.